Tarihi a Cikin Kwali: 'Yar Motar Roba da Zamanin Motoci Masu Ƙwanji a Amurka

Na san da wuya a rasa wanda zai buɗe wannan mujalla tamu, ya ga kan wannan maƙala, ya ce, "Me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan ɗalibin Hausa da motocin Amurka, balle kuma 'yan motocin roba na wasan yara?" Tambayar tana kan hanya, amma ina roƙon mai karatu ya ɗan yi mini haƙuri. Malamanmu sun sha nanata mana a aji cewa tarihi ba a takarda da bakin tsofaffi kaɗai yake ba. Yana jikin tukunya, yana jikin saƙa, yana jikin ganuwa. To, abin da nake so in nuna shi ne yana kuma cikin wani ɗan kwali mai ɗauke da gutsattsarin roba, waɗanda in an harhaɗa su sai su tashi mota wadda tsawonta bai fi ɗani guda ba. Kuma kamar kowace takardar tarihi, wannan kwali yakan faɗi gaskiya, yakan kuma shara ƙarya, sai mai harhaɗawa ya iya tace su.

Bari mu fara da uwar kafin mu zo kan 'yar.

Akwai wani jinsin motoci da Amurkawa suka yi yayi, wanda in aka juya sunansa zuwa Hausa sai a ce "mota mai ƙwanji". Siffarta ita ce matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu, wadda aka cusa wa injin babbar mota mai silinda takwas, aka kuma sa mata farashin da saurayi mai ɗan aikin yi zai iya biya. Galibin masu bin tarihin motoci sun ɗauki shekarar 1964 a matsayin mafarin yayin, sa'ad da sashen Pontiac na kamfanin General Motors ya fito da GTO. Yadda aka yi ta fito ɗin ma abin dariya ne. A 1963 shugabannin General Motors sun hana sassansu shiga tseren motoci, kana akwai dokar cikin gida da ta ce kada a sa wa matsakaiciyar mota injin da ya wuce kubik inci 330, watau wajen lita 5.4. Babban injiniyan Pontiac, John DeLorean, da abokan aikinsa Bill Collins da Russ Gee, sai suka bi ta bayan gida. Ba su ce sun ƙera sabuwar mota ba. Cewa suka yi ga wani ƙari da mai sayen Tempest LeMans zai iya zaɓa in ya daɗa wajen dala 296. Ƙarin kuwa shi ne inji mai lita 6.4, mai ƙarfin doki 325, ko 348 in an ɗora masa kafireta uku. Sunan ma aro shi suka yi daga wata motar tsere ta Ferrari ta ƙasar Italiya. An yi tsammanin sayar da 5,000, sai ga shi an sayar da 32,450 a shekarar farko. Da shugabanni suka ga kuɗi na shigowa, sai aka sassauta dokar.

Ba abin mamaki ba ne da abin ya karɓu. Yaran da aka haifa rututu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, na farkonsu 'yan 1946, a 1964 ɗin suka cika shekara 18. Fetur yana da araha, galan bai wuce senti 30 zuwa 35 ba. Gwamnati tana ta shimfiɗa manyan hanyoyi tun daga dokar 1956. A birnin Ditiroyit, cibiyar ƙera motoci, samari sukan taru da dare a kan titin Woodward su yi ta gwada ƙarfin inji daga wannan fitilar hanya zuwa waccan. Nan da nan sauran kamfanoni suka shiga kokawar. Plymouth ta biya kamfanin fina-finai na Warner dala 50,000 don ta ari sunan wani tsuntsun zanen barkwanci, ta fito da Road Runner a 1968. Chevrolet ta kai abin maƙura a 1970 da Chevelle SS mai inji 454 da aka ce ƙarfin doki 450 gare shi. Dodge kuwa ta sake wa Charger fasali a 1968, cinikinta ya tashi daga ƙasa da 16,000 zuwa wajen 96,000 cikin shekara guda. A wannan shekara ce aka nuna fim ɗin Bullitt, inda Steve McQueen cikin koriyar Mustang ya fafari wata baƙar Charger a kan tuddan birnin San Faransisko. Ita wannan Charger, musamman ta 1969, ita zan riƙe misali a sauran bayanina.

To, ina 'yar ta fito? Asalinta ba wasan yara ba ne, talla ce. A 1948 wani lauya mai suna West Gallogly ya kafa kamfanin AMT a jihar Mishigan, ya fara da zuba 'yar motar Ford da sanholo. Ba da jimawa ba aka koma roba. Kamfanonin motoci su ke ba da kwangilar a yi musu ƙananan samfurori na motocin shekara mai kamawa, a rarraba wa dillalai. Dillali ba shi da filin da zai jera kowane launi na kowace mota, amma yana iya jera 'yan ƙananan a kan kanta. In magidanci ya zo kallon mota da iyalinsa, sai a miƙa wa ɗansa guda ya tafi da ita gida, don ya riƙa tuna wa uban. Ma'aunin da aka tsaya a kai shi ne kashi ɗaya cikin 25. Charger ta 1969 tsawonta inci 208 ne, watau ya ɗara mita biyar kaɗan, saboda haka 'yarta ba ta wuce inci takwas da ɗoriya ba, kimanin santimita 21.

Abin lura a nan shi ne, tun da tilas samfurin ya isa wurin dillali tare da sabuwar motar, kamfanonin motoci sukan miƙa wa masu zuba robar zane-zane da ma'aunan motar a asirce, watanni kafin jama'a su gan ta. Ke nan 'yar motar ba daga kallo aka kwaikwaye ta ba, daga tushe aka ɗebo ta. Nan ta bambanta da motar kara da ta langa-langa da ƙannenmu suke yi a unguwa. Yaronmu da ido yake aunawa, ya ga tirela ta wuce sau biyu, ya zauna da sille da ƙaya ya tayar da ita har da ƙofa mai buɗewa. Ni a wurina gwanintarsa ta fi, sai dai gara takan cinye aikinsa kafin damina ta fita, ba kuma wanda ya damu ya adana. Yaron Amurka kuwa ma'aunin masana'anta aka miƙa masa a kwali.

A 1958 AMT ta ga cewa mazubin da take zuba samfurin dillalai da shi yana iya ba ta riba ta biyu. Sai ta fara sayar da gutsattsarin ba a haɗe ba, tare da ƙarin kayan ado, ta yadda yaro zai zaɓi ɗaya cikin uku: ya haɗa ta yadda ta fito daga masana'anta, ko ya ƙawata ta yadda ya ga dama, ko ya mai da ita motar tsere. Kasuwa ta buɗe. Wani babban ma'aikacin AMT, George Toteff, ya ɓalle ya kafa MPC a 1963, wadda ta riƙa samun kwangilar Dodge da Pontiac. Ga kuma Jo-Han a Ditiroyit, ga Revell a Kalifoniya, ga Monogram a jihar Ilinoi, wadda ita ta fi son ma'aunin ɗaya cikin 24. Kwali guda dala ɗaya da rabi ne zuwa dala biyu. Yaya ɗan shekara 19 yana tara kuɗin babbar, ƙane ɗan shekara 12 yana zaune a ɗaki yana shafa wa ƙaramar gam.

Kan batun gam ɗin nan, bari in ɗan yi ratse. Irin wanda ake haɗa robar da shi narkar da ita yake yi har ɓangarorin biyu su zama ɗaya, kuma yana da wari mai juya kai. A shekarun 1960 hankalin iyaye a Amurka ya tashi a kan yara masu shaƙarsa, har garuruwa da dama suka kafa dokar hana sayar wa yaro shi kaɗai, kamfanin Testor kuma ya riƙa zuba masa wani mai mai yaji don ya ƙona hancin mai shaƙa. Duk wanda ya san ɓarnar sholisho a garuruwanmu ya san ba sabon ciwo ba ne.

Yanzu ga inda aikin ɗan tarihi ya shigo. Mazubin nan da ƙarfe ake sassaƙa shi, yana kuma cin kuɗi ainun. Motocin Amurka kuwa kowace shekara sai an sake musu fuska. Maimakon a sassaƙa sabon mazubi, sai a ɗauki na bara a cike nan, a fafe can, ya koma na bana. Daidai yake da allon almajiri: in an haddace sai a wanke a sake rubutu, na jiya ya tafi ke nan. Saboda haka akwai motoci da yawa da mazubinsu na asali ya ɓace, ba don an jefar da shi ba, sai don an mai da shi wani abu dabam. Wani lokaci kuma a dawo da shi baya bayan shekaru, a yi gyaran rabi da rabi, a sami gaban wannan shekara da kujerun waccan. Wanda ya taɓa gwada kwafi biyu na rubutun ajami guda, ya ga yadda wannan mai kwafa ya tsallake baiti, wancan ya gyara kalmar da bai gane ba, zai fahimci abin da nake nufi. Hoton da ke bayan kwali da'awa ce kawai. Mai harhaɗawa na ƙwarai ba ya karɓarta sai ya bincika.

Binciken yana farawa tun kafin a yanke ko gutsure ɗaya. Charger ta 1968 da ta 1969 da ta 1970 jikinsu kusan ɗaya ne, amma ta 1968 ragar gabanta a miƙe take ba tsagi, fitilun bayanta kuma zagayayyu ne, biyu a kowane gefe. Ta 1969 an raba ragar biyu da wani ginshiƙi a tsakiya, fitilun baya suka koma dogaye. Ta 1970 kuwa bamba ce mai ƙyalli ta kewaye fuskar gaba ɗaya. Sa'an nan a duba gilashin baya. A Charger ta kowa da kowa gilashin a lotse yake tsakanin ginshiƙai biyu. Wannan lotsawa kyau gare ta a ido, amma a filin tseren NASCAR iska takan taru a wurin ta ɗaga bayan motar. Don haka a 1969 Dodge ta yi wasu 'yan kaɗan masu suna Charger 500 da gilashi a shafe daidai da rufi, daga bisani kuma ta yi Daytona mai dogon hanci da fiffike a baya, irin wadda Buddy Baker ya haura mil 200 a awa da ita a filin Talladega ran 24 ga Maris 1970. Wanda ya ɗauki jiki mai shafaffen gilashi ya liƙa masa tambarin R/T ya haɗa motar da ba a taɓa ƙerawa ba.

Babbar madogarar mai bincike ita ce lambar motar ta ainihi. Kowace Charger tana da jerin baƙaƙe da lambobi, kowanne da ma'anarsa. Alal misali XS29L9B: X na nufin Charger, S na nufin R/T, 29 fasalin jiki ne mai ƙofa biyu, L inji 440, 9 shekarar 1969, B kuma masana'antar Hamtramck da ke tsakiyar Ditiroyit. Da a ce J ce a madadin L, to injin Hemi ne. Ban da wannan akwai ɗan faifan ƙarfe a cikin ɗakin inji mai nuna launin fenti da na kujeru, akwai kuma takardar umarnin haɗi da ma'aikata kan cusa a ƙarƙashin kujerar baya, wadda masu gyaran tsofaffin motoci suke tsinta bayan shekaru. Masu harhaɗa ƙananan motoci da gaske sukan zaɓi mota guda takamaimai da aka san lambobinta da hotunanta, su bi ta sau da ƙafa.

In an tsai da shawara, sai aikin hannu. Ana yanke gutsattsarin daga reshen robar da suke maƙale a jiki da ɗan almakashi mai kaifi, ba a karya su da hannu. A wanke su da ruwan sabulu don a fid da maiƙon mazubi. A bi jikin motar da samfefa mai laushi a goge siririn layin da ke nuna inda ɓangarorin mazubi suka haɗu, domin babbar motar ba ta da shi. A gwada kowane abu a mazauninsa tukuna ba tare da gam ba. Duk wannan haƙuri kawai yake bukata.

Inda ilmi yake shi ne inji. Launinsa kaɗai yana iya tona asirin mai haɗawa. Injin 440 mai ƙarfi na 1968 shuɗi-kore ne, amma na 1969 ruwan lemo ne. Hemi shi ma ruwan lemo ne, sai dai murafun kansa baƙaƙe ne masu kaushi, kuma wayoyin fulogi ta tsakiyar murfin suke shiga, ba ta gefe ba, domin fulogin a tsakiyar ƙoƙon silinda yake. Ƙoƙon nan mai siffar rabin ƙwallo shi ya jawo wa injin sunansa. Kwali ba ya zuwa da wayoyin, sai mutum ya sa da kansa. Wayar babbar mota kaurinta milimita 7, in an raba da 25 ya zama ƙasa da sulusin milimita, saboda haka sai an nemi waya siririya irin ta cikin tsohuwar rediyo, a huda ramuka da ɗan abin huji da ake murzawa da yatsu. Na'urar da ke raba wuta ga fulogai a gaban inji take a manyan injunan Chrysler, alhali a na Pontiac da Chevrolet a baya take. Kuma ba a jona wayoyin barkatai. Wuta tana bin silinda bi da bi ne, 1, 8, 4, 3, 6, 5, 7, 2. Wani zai ce wa zai ƙidaya waya takwas a kan abin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba? A wuraren gasa alƙalai sukan duba da 'yar tocila da gilashin ƙara girma, kuma tsohon bakanike in ya leƙa zai gane a take.

A nan ne kuma kwalin yake shara babbar ƙaryarsa. Kusan duk kwalin Charger da za ka buɗe, inji 440 ko Hemi za ka tarar. Alhali kuwa Charger masu Hemi da aka ƙera a 1969 'yan ɗaruruwa ne kawai cikin dubun dubata, saboda tsadarsa da wuyar sha'aninsa. Yawancin mutane inji 318 ko 383 suka saya, har da masu ɗan inji mai silinda shida. Motar malamin makaranta da ta ma'aikaciyar asibiti ba mai zuba su a roba, don ba mai saye. Wanda ya ɗauki kantar masu tara samfurori a matsayin hoton titunan Amurka na 1969 ya yi kama da wanda ya karanta jerin sarakuna ya ɗauka ya san yadda talakawa suka zauna.

Ƙarƙashin mota ma yana da nasa sirrin. Mai koyo yakan shafe shi da baƙi wuluk. A masana'anta kuwa tsoma jikin motar ake yi cikin fentin share fage mai ruwan toka, sa'an nan a fesa launi daga gefe, ya ɗan fantsama ƙarƙashi ya bar tsakiya da tokarsa. Mai son gaskiya haka zai kwaikwaya, ko da yake baƙin ya fi kyan gani. Haka batun fentin jiki. Launukan nan masu kashe ido da aka san Dodge da su, kamar shunayyar da suka kira Plum Crazy da koren Sublime, a 1970 suka fito. Sa su a jikin motar 1968 daidai yake da a rubuta wasan kwaikwayo a kan zamanin Sarkin Kano Rumfa a sa wa dogari agogon hannu. Wajen fesawar, sai an fara da share fage, musamman in fentin mota na gaske za a yi amfani da shi, domin yana cin roba tsirara ya yamutsa ta. A fesa sama-sama sau uku ko huɗu, a bar shi ya bushe kwana da kwanaki, a goge shi har ya ɗauki ido. Siraran ƙarafa masu ƙyalli na gefen tagogi ba a yi musu fenti. Wata takardar ƙarfe ce da ta fi ta cikin kwalin sigari sirantaka ake liƙawa, a danne da auduga, a bi gefen da sabuwar reza. Gilashi kuwa ba a kusantarsa da sufagulu, tururinsa yakan sa shi hazo fari. Farin gam na kafinta ya wadatar. Tayoyi a ɗan goge tafinsu don su daina sheƙi, a tuna kuma R/T ta wancan zamani tana iya zuwa da siririn jan layi a gefen taya, da ɗamarar zane da ta zagaye bayanta.

Yayin manyan motocin bai kai shekara goma ba. Tun a 1965 Ralph Nader ya buga littafinsa Unsafe at Any Speed, a 1966 aka kafa dokar kiyaye lafiyar masu shiga mota. Kamfanonin inshora suka lura samari masu irin waɗannan motoci suna yawan haɗari, suka tsawwala musu kuɗi. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta a rage ƙarfin injuna don su iya shan fetur marar dalma. An daina sa Hemi a motocin titi bayan 1971. A 1972 aka sake yadda ake auna ƙarfin doki, aka koma auna inji da duk kayansa a jiki, sai lambobin suka faɗi warwas. Ke nan lambobin da ke bayan kwalayen da ma na tsohon awo ne mai kumbura abu. Daɗin daɗawa, a watan Oktoba 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. Tashin nan da ya cika baitulmalin Nijeriya, aka yi rabon Udoji, aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, shi ne ya ƙarasa mota mai ƙwanji. GTO ta 1974 ita ce ta ƙarshe a wancan zubi. Robar ma daga mai ake yin ta, ta yi tsada, kamfanonin motoci suka ja baya da kwangilar samfurin dillalai, yara kuma suka sami wasu abubuwan wasa. Kamfanonin suka yi ta sauya hannu, Revell da Monogram suka haɗe a 1986. Daga 2008 wani kamfani mai suna Round 2 a jihar Indiyana ya karɓi sunayen AMT da MPC, ya riƙa tono tsofaffin mazubai yana sake zubawa, inda kuma mazubi ya ɓace sai a auna tsohon kwalin da ya tsira a sassaƙa sabo. Masu saye a wannan karo galibi su ne yaran nan na 1960, sun yi furfura.

Akwai kwali guda da ya tsaya mini a rai. Daga 1979 zuwa 1985 an nuna wani wasan talabijin mai suna The Dukes of Hazzard, wanda tauraruwarsa Charger ce ta 1969 mai ruwan lemo, tana tsalle-tsalle a kan rafuka. An farfasa ɗaruruwan motoci wajen ɗaukarsa, har da na 1968 da aka sake wa fuska don su yi kama da na 1969. MPC ta fito da 'yarta a kwali, aka saye ta ba ƙaƙƙautawa, ko da yake jikin da ta zuba mai shafaffen gilashin baya ne irin na Charger 500, domin an riga an taɓa mazubin. Sunan motar General Lee, sunan babban kwamandan jihohin kudu da suka yi yaƙi daga 1861 zuwa 1865 don su ci gaba da riƙe bayi, kuma tutar yaƙinsu ce shimfiɗe a kan rufinta. Yara da yawa sun jiƙa takardar tutar nan a ruwa sun manna ta a kan rufi ba su san ko ta mece ce ba. A watan Yuni 2015 wani saurayi farar fata, wanda aka ga hotunansa riƙe da tutar, ya harbe baƙar fata tara a wata majami'a a birnin Charleston. Cikin wannan wata kamfanin Warner ya daina ba da izinin yin kayan wasa masu ɗauke da ita.

Tun daga nan masu harhaɗawa suke gardama. Wasu suna cewa motar talabijin da tuta aka gan ta, wanda ya cire ta ya yi wa tarihi ha'inci. Hujjar tana da ƙarfi, tun da na yi ta nacewa a kan launin inji da jerin wayoyi ba zan ce a rufe ido a kan rufi ba. Amma in gaskiyar tarihi ake nema, ni sai in koma ga baƙin nan na bakwai a lambar motar, watau B. Masana'antar Hamtramck, wadda ake kira Dodge Main, ba ta taɓa fid da Charger da tuta a ka ba. Dubban ma'aikatanta baƙar fata ne, jikokin bayin da aka yi wancan yaƙi a kansu, waɗanda su ko iyayensu suka baro kudu neman aiki, kuma su aka fi turawa wuraren da suka fi zafi da haɗari, kamar wajen zubin ƙarfe da ɗakin fenti. A watan Mayu 1968, daidai lokacin da cinikin Charger ya sa aka ƙara wa layin haɗi sauri, ma'aikata suka ajiye aiki ba da iznin ƙungiyarsu ba. Da aka zo hukunci, baƙar fata aka fi kora. Daga nan ne General Baker da abokansa suka kafa ƙungiyar da aka sani da DRUM. Fentin nan da ya fantsama ƙarƙashin mota, wanda mai harhaɗawa yake wahalar kwaikwaya da ɗan bututun fesawa, aikin hannun waɗannan mutane ne da layi yake gudu ba ya jiransu. An rufe Dodge Main a watan Janairu 1980, sa'ad da wasan talabijin ɗin yake tashe, aka rushe ta a 1981.